Yadda ake haɗa kwamfutar gida da rediyon masu sha'awa: daga Direwolf zuwa adireshin 44

Tambaya: Ina da lasisin rediyon masu sha'awa, wato ham, da ƙaramar rediyo Baofeng UV-5R da tsohuwar kwamfuta mai Ubuntu. Ina so in riƙa aika saƙonni ta iska, in shiga Winlink, wato tsarin imel ta rediyo, daga baya in samu adireshin 44, wato adireshin intanet na masu rediyon sha'awa. Na girka ax25-tools, amma kissattach na ba ni kuskure. Kuma da zarar na haɗa rediyon da katin sauti, sai ta kama watsawa da kanta ba tare da na danna komai ba. Ina na kuskure?

Amsa: Ɗan'uwa, ka fara ginin daga rufi. Aikin nan hawa-hawa ne: waya tsakanin rediyo da kwamfuta, sai manhajar da ke mayar da sauti bayanai, sai manhajar saƙonni, sannan a ƙarshe adireshin intanet. kissattach a hawa na uku yake, alhali na farko ma bai zauna ba. Mafi yawan abin da ke hana wannan aiki tafiya yana cikin waya da ƙarfin sauti, don haka a nan zan fi daɗewa.

Mu fara da rediyon da ke watsawa da kanta, domin ita ce mai haɗari: tana toshe wa wasu zango, tana kuma iya ƙona tiransiston ƙarshe na rediyon. UV-5R tana da ramuka biyu irin na Kenwood, ƙarami mai milimita 2.5 da babba mai 3.5. A ƙaramin fulogi, tsinin shi ne lasifika, gindin kuma layin ƙasa. A babban, zoben tsakiya shi ne makirufo, gindin kuma shi ne PTT, wato maɓallin magana. Rediyon tana shiga watsawa ne idan gindin babba ya taɓa gindin ƙarami. To a cikin katin sauti na USB, gindin ramin makirufo da na lasifika a haɗe suke. Ka ga da ka soka wayoyi biyun kai tsaye, kai da kanka ka danna PTT ta cikin katin. Rediyonka lafiyarta ƙalau.

Gyaran shi ne gindin babban fulogi kada ya je katin sauti ko kaɗan. Layin ƙasa a ɗauko shi daga gindin ƙaramin fulogi kawai. Sautin da ke fita daga kwamfuta yakan kai kusan bolt ɗaya, makirufon rediyo kuwa abin da yake so bai wuce milibolt goma ba, saboda haka a rage shi zuwa kashi ɗaya cikin ɗari: resista mai om dubu 10 a jere, mai om 100 zuwa ƙasa, sannan kafasita mai maikrofarad 1 kafin zoben makirufo, don akwai 'yar wuta a wannan layi da bai kamata ta zube ƙasa ba. Idan ka sa resista mai juyawa ta om dubu 10 a gabansu, saitin zai fi maka sauƙi nan gaba. A ɓangaren karɓa, daga lasifikar rediyo zuwa makirufon kati, ragi zuwa kashi ɗaya cikin goma ya isa: om dubu 10 da om dubu 1, da kafasita ita ma. Wanda ya samu ƙananan taransifomomin sauti masu om 600 a kowane gefe ya sa ɗaya a kowane layi, za su raba ƙasan kwamfuta da na rediyo, gunjin da caja ke shigarwa ya ɓace.

Gindin babban fulogin nan kuma tiransisto ne zai riƙa haɗa shi da ƙasa idan kwamfuta ta ba da umarni. 2N2222 ko 2N3904 duk suna yi: kolekta zuwa PTT, emita zuwa ƙasa, bes kuma ta resista mai om 4,700 zuwa layin RTS na adaftar USB zuwa siriyal, da dayod 1N4148 don tare wutar da ke juyowa. Sai dai a lura da irin adaftar. Mai fulogi na fil tara, wadda ke bin ƙa'idar RS-232, RTS ɗinta na hawa sama idan an kunna shi, kuma haka ake so. Ƙananan allunan nan tsirara masu CP2102 ko CH340 kuwa a juye suke: suna sama lokacin hutu, su sauko idan an kunna. Direwolf, manhajar da za mu girka nan gaba, na iya juya su idan ka rubuta -RTS, amma duk lokacin da manhajar ba ta aiki rediyon za ta koma watsawa, don haka da irin wannan allo gara a yi amfani da PC817, wato makunnin da haske ke kunnawa, a ɗaura fitilarsa tsakanin bolt 3.3 da RTS. Wanda ba ya son taɓa dalma ya sayi abin da aka riga aka haɗa. Digirig na da katin sauti da PTT ta RTS a akwati ɗaya, akwai kuma AIOC da aka yi musamman don ramukan Baofeng. VOX kuwa, wato saitin da ke sa rediyo watsawa da jin sauti, ban ba ka shawararsa ba: yana jinkirin buɗewa ya cinye farkon fakiti, wato ƙunshin bayanan da ake aikawa, yana jinkirin rufewa ya danne amsar da ɗaya tashar ta riga ta fara aikowa.

Kafin ka bar rediyon, shiga jerin saitinta. Lamba 0, SQL, mayar da shi sifili, rediyon ta riƙa shuu ba tsayawa. Direwolf na da tasa hanyar gane ko akwai sigina. Lamba 3, SAVE, a kashe, domin yana sa rediyon gyangyaɗi tana farkawa don tattalin batir, fakiti kuma ya wuce tana barci. Lamba 4 VOX da lamba 7 TDR a kashe. Lamba 5 a bar ta a WIDE. Lamba 35 STE da 39 ROGER a kashe. Lamba 9, TOT, sa ta a sakan 60, ita ce za ta yanke watsawa idan PTT ya maƙale ba ka kusa.

Yanzu ga abin da kissattach ke nema bai samu ba. Rediyo sauti kawai ta sani. A zangon mita 2, ana aika bayanai da sautuka biyu, haz 1200 da haz 2200, a gudun bit 1200 a sakan, irin na tsohon modem ɗin tarho na Bell 202. Ana ɗaure bayanan cikin fakiti bisa ƙa'idar AX.25, wadda sigarta ta 2.0 ta fito a 1984, kowane fakiti ɗauke da alamar kiran mai aikawa da ta mai karɓa. Abin da ke wannan fassara sunansa TNC. A da akwati ne na musamman da ake haɗawa da kwamfuta ta siriyal, suna magana da wani sauƙaƙƙen yare mai suna KISS wanda Mike Chepponis da Phil Karn suka tsara. kissattach wannan akwatin yake nema. Kai kuwa ba ka da shi. Direwolf, manhajar da John Langner ya rubuta, ita ce ke maye gurbinsa ta amfani da katin sauti, kuma wajen tsinto fakiti daga cikin hayaniya ta fi yawancin tsofaffin akwatunan.

Girka ta da sudo apt install direwolf. Sigar 1.6 ta 2020 ko 1.7 ta 2023 duk sun isa wannan aiki. Sannan ka sa kanka cikin rukunonin da ke da izinin taɓa sauti da siriyal:

sudo usermod -aG audio,dialout $USER

Sai ka fita daga asusunka ka sake shiga, in ba haka ba izinin ba zai kama ba. Umarnin arecord -l zai nuna maka lambar katin USB ɗin. A ce ya nuna kati na 1. Buɗe fayil mai suna direwolf.conf a babban fayil ɗinka na gida ka rubuta:

ADEVICE plughw:1,0
CHANNEL 0
MYCALL N0CALL-1
MODEM 1200
PTT /dev/ttyUSB0 RTS
TXDELAY 40
TXTAIL 10
AGWPORT 8000
KISSPORT 8001

A wurin N0CALL ka sa alamar kiranka ta lasisi, wadda a Najeriya ke farawa da 5N, a Nijar 5U, a Gana 9G, a Kamaru TJ, a Chadi TT, a Sudan ST. Lambar da ke bayan layin, daga 0 zuwa 15, tana bambanta na'urorinka ne idan sun fi ɗaya. TXDELAY ana ƙirga shi da milisakan goma-goma, wato 40 na nufin milisakan 400 na jira tsakanin danna PTT da fara bayanai. Asalin saitin 30 ne, amma ƙananan rediyoyin nan suna da nawar tashi. Ka fara da 40, idan komai ya zauna ka riƙa ragewa har inda ɗaya tashar ta fara rasa ka, sai ka ƙara biyar.

Lambobin nan biyu, 1 na kati da ttyUSB0, suna canzawa idan aka sake kunna kwamfuta da wani abu a soke. Don haka da zarar aiki ya kankama, maye gurbin lambar kati da sunansa kamar yadda arecord ya nuna, misali plughw:Device,0, siriyal kuma ka ɗauko doguwar hanyarsa daga /dev/serial/by-id/. Abubuwa uku a Ubuntu sukan yi wa mutane ƙafar ungulu a nan. Na farko brltty, manhajar makafi, wadda a sigar 22.04 take ƙwace adafta mai CH340 har ttyUSB0 ya ɓace. Idan ba ka buƙatarta, cire ta. Na biyu ModemManager, mai leƙa kowace sabuwar siriyal yana taɓa RTS, ka ga rediyo ta yi ƙyaf ta watsa. Kashe shi idan ba da modem kake shiga intanet ba. Na uku PulseAudio ko PipeWire su riƙe katin, Direwolf ta ce na'urar tana hannun wani. Buɗe pavucontrol ka kashe wannan katin a can. Wannan na ƙarshe yana da wani amfanin: ƙarar sanarwar kwamfuta ba za ta bi rediyo ta fita duniya ba.

Daga nan, cire wayar PTT tukuna. Karɓa kawai za ka gwada. Kunna da direwolf -t 0, ka sa rediyo a megahaz 144.800, inda ake APRS, wato aika matsayin tasha da gajerun saƙonni, a yanki na ɗaya na hukumar sadarwa ta duniya, ITU, wanda ya haɗa Afirka da Turai. Jagororin Amurka za su ce maka 144.390, wannan nasu ne. Haka kuma zangon mita 2 a yankinmu daga 144 zuwa 146 ya tsaya, ba 148 ba. Duk fakitin da aka kama, Direwolf za ta rubuta shi tare da layi irin wannan: audio level = 52(14/9). Lambar farko ita ce ƙarfin sauti, kuma kusa da 50 ake so. Idan ta haura 100, sauti ya yi yawa yana tsagewa. Buɗe alsamixer, danna F6 ka zaɓi katin, ka rage makirufo, ka kuma kashe Auto Gain Control da maɓallin M. Wannan saitin yana ɗaga sauti yana saukewa da kansa, kuma da rediyo mai shuu kullum yakan lalata farkon kowane fakiti. Maɓallin ƙarar rediyon kuma ka bar shi wajen kashi ɗaya cikin huɗu ka yi masa alama da biro, don taɓa shi kaɗan na rushe saitin duka. Ajiye da sudo alsactl store.

Mai yiwuwa ka zauna awa guda ba ka ji kowa ba, saboda babu tasha kusa da kai. Wannan ba ya nufin wani abu ya lalace. Gwada manhajar ita kaɗai da gen_packets -o gwaji.wav, sannan atest gwaji.wav, ka ga ta karanta fakitocin da ta ƙirƙira. Akwai kuma tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa, wadda ke maimaita fakiti a 145.825 a lokutan da aka kunna na'urarta. Wucewarta kamar minti goma ne kawai, amma idan ta bi ta saman kai ko da ƙaramar eriya a tsakar gida ana kamawa. Abin da ya fi duka dai shi ne ka samu abokin gwaji mai lasisi da tasa rediyon, ko kai ka mallaki ta biyu.

Sai watsawa. A nan ne aka fi yin ɓarna, domin mutum na ganin ƙara sauti zai kai shi nesa. A FM ƙarfin sauti ba ya ƙara nisa, yana faɗaɗa siginar ne kawai, kuma rediyon na da abin da ke datse ta idan ta kai kilohaz 5. Ga inda matsalar take: kafin datsewar, rediyon tana ƙara wa sautuka masu kaifi ƙarfi, har sautin 2200 ya fi na 1200 da kusan desibel 5. Idan ka cika sauti, na 2200 ne zai fara bugun rufi a aske shi, na 1200 kuma ya ci gaba da girma har su yi daidai. Rediyon da ke karɓa za ta rage mai kaifin kamar yadda aka gina ta, sai ya iso a raunane, TNC ɗin can ya kasa karantawa. A kunne fakitin zai yi ƙara sosai, amma babu mai fahimtarsa. Abin da ake nema shi ne faɗin kusan kilohaz 3. In ba ka da na'urar aunawa, mayar da wayar PTT, sa rediyo a ƙaramin ƙarfi a mitar da babu kowa, ka ba da direwolf -x a a sigar 1.7, ko -x kawai a 1.6. Za ta riƙa fitar da sautukan biyu. Saurara a rediyo ta biyu, ka fara daga ƙasa kana ƙarawa har ka kai inda ƙarin ba ya ƙara komai a kunne. Wannan ne rufin. Sauko zuwa wajen rabi ko kashi biyu cikin uku na wurin. In za ka kuskure, gara ka kuskure ta ƙasa.

Idan da danna PTT sai katin sauti ya ɓace, ko linzamin kwamfuta ya daskare, ko rediyo ta ƙi sakin watsawa, siginar rediyonka ce ke komawa cikin wayar USB. Wat 5 daga eriyar roba a taku ɗaya da kwamfuta ya isa ya yi haka. Naɗa wayar USB da ta sauti sau uku ko huɗu a zoben ferait, amma ainihin maganin shi ne fitar da eriya waje. Sanda mai tsawon santimita 49 a tsaye, da wasu huɗu a ƙarƙashinta sun karkata ƙasa, ta isa eriyar megahaz 145, kuma a kan rufi za ta ninka maka nisa sau da yawa. Ka kula da wayar eriya: RG-58 mai tsawon mita 15 tana cinye kusan rabin ƙarfinka a wannan zango, don haka idan tafiyar da tsawo, RG-213 ta fi. Da damina kuma, in hadari ya haɗo, cire wayar eriya daga rediyo. Tsawa ba sai ta faɗo kan gidanka take kashe rediyo da kwamfutar da ke haɗe da ita ba.

Wanda ke Windows, duk bayanin nan nasa ne. Zai sauke Direwolf a dunƙule ya warware, ya rubuta PTT COM3 RTS ko lambar da tasa ta nuna, ya kashe duk gyare-gyaren sauti na Windows a kan katin, kada kuma ya bar shi ya zama katin da kwamfuta ke amfani da shi na yau da kullum.

To yanzu kana ji, ana jin ka. Hanya ta rabu biyu, kuma shawarata ka bi ta farko. Direwolf na sauraro a ƙofa ta 8000 da yaren AGW, inda ita da kanta take riƙe haɗin, ta sake aika abin da ya ɓace, ta kuma iya AX.25 siga 2.2. Don Winlink, girka Pat, manhajar da Martin Hebnes Pedersen na Norway ya rubuta. Sababbin sigoginta suna magana da AGW kai tsaye. Ba da pat configure, ka sa alamar kiranka, a sashen ax25 ka mayar da engine ya zama agwpe, a sashen agwpe kuma addr ya zama localhost:8000. Fara da pat connect telnet, wanda ke bi ta intanet, don asusunka ya buɗe ka kuma tabbatar Pat ɗin kanta lafiya take. Sannan pat rmslist ya nuna maka tashoshin shiga, ka kira mafi kusa da pat connect ax25:/// haɗe da alamar kiranta, wadda bisa al'ada ke ƙarewa da -10. Umarnin pat http zai ba ka akwatin saƙo a burauza a localhost:8080. Idan jerin bai nuna tashar fakiti da siginarka za ta kai ba, Baofeng ba za ta kai ka Winlink ba komai kyawun saiti. Abin da ya rage shi ne ku yi saƙo kai tsaye tsakaninku da abokin gwajinka, ko ka koma gajeren zango da rediyo mai SSB da manhajar modem irin ARDOP ko VARA, ko kai ka zama tashar ta hanyar girka LinBPQ na John Wiseman, wanda ke haɗuwa da Direwolf ta ƙofa 8001, ya zama mahaɗa da akwatin saƙonni ga duk wanda ke garinku.

Hanya ta biyu ita ce wadda ka fara, ta AX.25 da ke cikin kanel ɗin Linux. Ana buƙatarta ne idan za ka ɗora adireshin intanet a kan rediyo, ko ka yi amfani da tsofaffin kayan aiki irin su axcall da ax25d. Fara da sudo modprobe ax25 da sudo modprobe mkiss. Idan suka ce babu, kanel ɗinka ba a gina shi da su ba, kuma babu saitin da zai gyara wannan. Idan suna nan, rubuta layi ɗaya a /etc/ax25/axports:

radio N0CALL-2 19200 128 2 VHF

Wato sunan tasha, alamar kira, gudun siriyal, girman fakiti, yawan fakitin da za a aika kafin a jira amsa, sai bayani. Kada ka bar layi fanko a fayil ɗin, kayan aikin suna tuntuɓe a kansa. Iyakar girman fakiti bait 256 ne, iyakar taga 7, amma bit ɗaya ya lalace duk fakitin ya tafi, don haka a hanya mai rauni 128 da 2 sun fi saurin isar da saƙo. Kunna direwolf -p, za ta buɗe siriyal ta ƙarya ta ajiye manuni gare ta a /tmp/kisstnc. A wata taga ka ba da:

sudo kissattach $(readlink /tmp/kisstnc) radio
sudo kissparms -c 1 -p radio

Dalilin readlink shi ne Linux na hana ko da mai cikakken iko bin manunin da wani ya ajiye a /tmp, ga shi kuma lambar /dev/pts tana canzawa a kowane kunnawa. Layi na biyu yana hana kanel gwada wasu nau'o'in KISS da Direwolf ba ta sani ba, waɗanda ke sa fakitocin farko su salwanta. Idan har yanzu kuskuren ya ambaci TIOCSETD, ba da sudo kissattach /dev/ptmx radio, zai rubuto maka wata /dev/pts, sai ka haɗa ta da ta Direwolf ta umarnin mkiss. Bayan haka sudo axlisten -a zai nuna duk abin da ke wucewa, mheard kuma ya jera tashoshin da aka ji.

Ka lura ban sa adireshi a kissattach ba. Da gangan ne. Da zarar ax0, wato layin sadarwar da kissattach ke buɗewa, ya samu adireshi, Linux na ɗaukarsa kamar kowane katin sadarwa, sai manhajoji irin su avahi da Samba da masu neman DHCP su fara shela a kansa, rediyonka ta riƙa watsa tarkacen da ba ka aika ba. Kafin ka sa adireshi, rubuta deny-interfaces=ax0 a /etc/avahi/avahi-daemon.conf, ka kuma tsare Samba a katin gida kawai.

Maganar 44 kuwa, tun 1981 Hank Magnuski ya samo wa masu rediyon sha'awa dukan adireshin da ke farawa da 44, sama da miliyan 16, ana kiran tsarin AMPRNet. A 2019 ƙungiyar ARDC mai kula da shi ta sayar wa Amazon kashi ɗaya cikin huɗu, wato 44.192.0.0/10. Abin da ya rage shi ne 44.0.0.0/9 da 44.128.0.0/10. Tsofaffin jagorori har yanzu suna cewa a tura 44.0.0.0/8 gaba ɗaya zuwa rediyo, kuma kissattach ma idan ka ba shi adireshi yakan shimfiɗa wannan faɗin da kansa. Sakamakon shi ne wasu shafukan da ke zaune a sabobin Amazon su daina buɗewa a kwamfutarka, buƙatunsu kuma su bi iska. Duba ip route bayan kowane canji, ka sa adireshin da hannu da ip addr add tare da ainihin faɗin da aka ba ka.

Adireshin ana nemansa ne a portal.ampr.org da shaidar lasisi, kyauta. Haɗuwa da sauran tashoshin duniya bisa tsohuwar hanya ana yin ta da bututun IPIP, ƙa'ida mai lamba 4, da ampr-ripd mai karɓar jerin hanyoyi daga babbar mashiga da ke Jami'ar Kaliforniya a San Diego duk minti biyar. Wannan na buƙatar adireshin intanet na fili wanda ake iya samunka a kansa daga waje. Wanda ke shiga intanet da layin waya ko ƙaramar na'urar MiFi yawanci yana bayan adireshi ɗaya ne da dubban mutane, IPIP kuma ba ya ratsa wannan, tunda ba shi da lambar ƙofa da za a bi a dawo da amsa. Mafita ita ce bututun WireGuard, wanda kai ne ke buɗe shi daga ciki, zuwa wata ƙaramar saba ta haya mai adireshin fili, ita ta riƙe IPIP ɗin.

Ka san kuma abin da za ka samu a ƙarshe. Bit 1200 a sakan bait 150 ne. Cikakken fakiti mai bait 256 da kansa da jiran PTT yana cin sama da sakan biyu, ba a sa lokacin amsa ba. Hoto mai kilobait 100 zai ci fiye da minti 11 ko da babu fakiti ɗaya da ya ɓace. A kan irin wannan hanya MTU, wato iyakar girman fakiti, 256 ne, abin da ya rage wa bayanai bayan kan TCP da IP bait 216. Rubutu zalla, ping, telnet da ƙananan saƙonni su ne abin da ya dace da ita. Dokokin rediyo na ITU kuma sun hana ɓoye ma'anar saƙo a zangon masu sha'awa, don haka ssh da https ba su da wuri a ɓangaren iska, haka harkar kasuwanci. WireGuard ɗin da na ambata a ɓangaren intanet yake tsayawa. Sa shinge a kwamfutar da zai hana duk abin da ba daga adireshin 44 ya fito ba ratsawa zuwa ax0, domin duk abin da ya fita ta eriyarka da alamar kiranka ya fita.

Idan tashar za ta riƙa kwana a kunne, rubuta wa Direwolf hidimar systemd mai Restart=always, kissattach kuma ya biyo bayanta da jinkirin 'yan sakanni don /tmp/kisstnc ya samu bayyana. Rediyon kada ta zauna a kan cajarta tana aiki, cajar na zuba gunji cikin sauti. A ba ta wuta daga batir mai bolt 12 ta abin da ke maye gurbin batirinta. Inbata da cajojin waya masu araha su ma suna cika zangon da hayaniya. Hanyar ganewa ita ce ka sa Direwolf tana karɓar wata tasha mai rauni, ka riƙa kashe kayan wutar gidan ɗaya bayan ɗaya kana kallon yawan fakitin da ke shigowa. Idan kuma daga baya ka mayar da aikin kan Raspberry Pi, ɗauke wuta ba zato yana lalata katin ajiyarsa, don haka shi ma a ɗora shi a kan batirin nan ta na'urar rage wuta zuwa bolt 5 mai iya ba da amfiya 3, a naɗa wayarta a zoben ferait kafin ta shiga allon.